Faifan Birkin Motar Inna

Ni malamin makaranta ne, kuma har na haura shekara arba'in ban taɓa mallakar abin hawan da ya wuce ƙafa biyu ba. Babur ɗina ya san hanyar Gubuchi zuwa Ikara fiye da yadda na san ta. In ya yi tari a wanke fulogi, in ya yi gardama a tura shi, shi ke nan rigimarmu. Haka nake zaune lafiya lau har motar Yaya ta shigo gidanmu.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, ni ne auta a maza. Ya daɗe yana aiki a Fatakwal, Allah ya buɗa masa, ya sayi wata ƙatuwar jif baƙa wuluk, irin wadda in ta tsaya a ƙofar gida sai gidan ya koma kamar akurki. Kujerunta na fata ne, injinta in aka tashe shi sai ka ji gurnaninsa a ƙirjinka, ga wata muryar mace a ciki da ke yi wa mutum faɗa da Turanci in bai ɗaura bel ba. Sau biyu a shekara yake zuwa gida da ita. Duk zuwan da zai yi, kafin ya gama gaisawa da mutanen ƙofar gida, Inna ta riga ta cika buta da ruwan randa ta ajiye a bakin ɗakinta don ya wanke ƙafa. Ni kuwa da nake dawowa kullum da ƙura har gwiwa, ko sau ɗaya ban taɓa samun wannan buta ba. Na taɓa yin ƙorafi, Inna ta ce ai Ikara ba tafiya ba ce.

Ciwon kwana tara ya ɗauke Yaya. Allah ya ji ƙansa.

Ranar rabon gado malamai suka fitar wa matarsa da 'ya'yansa nasu, suka zo kan kason Inna, suka ce ta zaɓa: ko fili a Kaduna, ko motar. Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda tun rasuwar Baba shi ne babba a gidan, har ya fara murmushi don ya san abin da mai hankali zai ɗauka. Inna ta ce motar take so.

Baffa ya gyara zama ya ce, "Hajiya, a dai sake tunani. Mota fa ba a tatsarta, ita ce ma ke tatsar mutum."

"Na ji," in ji Inna. "Ita nake so."

Sai gaba ɗaya aka juyo ana kallona, don duk gidan ni kaɗai ke da lasisi.

Sai da aka fasa katanga aka sa ƙofar ƙarfe, aka kafa rumfar kwano a tsakar gida daura da ɗakin Inna, yadda daga kan kujerarta 'yar tsugunno za ta riƙa hango motar. Ba zan yi ƙarya ba, watannin farko na ji daɗi. Shugaban makarantarmu, wanda a da sai na gaishe shi sau biyu kafin ya ɗago kai, shi ya koma fara gaishe ni. Kuɗin man fetur kuwa, kada ma a yi zancensa. Na so in riƙa fita da ita sau ɗaya a wata, Inna ta ce ba ta yarda ba, wai in ta daɗe a tsaye ƙafafunta za su yi tsami. Muka daidaita a kan Litinin da Alhamis, sai kuma in wani a dangi ya kwanta rashin lafiya a kai shi Zariya. Kullum dab da la'asar nake dawowa, in shigar da ita rumfa, in kashe, in wuce masallaci kai tsaye.

Wata ranar kasuwar Makarfi na ɗauki Baffa. Muna tafe wata akuya ta yanko titi, na taka birki, sai sitiyari ya kama rawa a hannuna, kujeru suka ɗauka, kumatun Baffa suka ɗauka, goron da yake ɓarawa ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujera. Da muka tsaya ya gyara hularsa ya ce, "Malam, ita ma zazzaɓin take yi?"

Akwai wani bakanike a Makarfi da muka yi firamare tare, tun a lokacin ba ya ganin girmana, yanzu ma haka. Ya cire tayar gaba ya nuna mini wani ƙarfe mai faɗin tiren shinkafar mutum shida. Ya ce wannan shi ne faifan birki, in ka taka, shi ake matsewa mota ta tsaya. Nawa na gaba duka biyun sun lanƙwashe, shi ya sa take karkarwa.

Na ce, "To, a miƙar da su mana."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai Malam, cokali ka ɗauke shi?"

Ya buga waya Kano, ya buga Kaduna, ya faɗa mini kuɗin sababbi. Na ce ya sake tambaya, wataƙila mai shagon ya ɗauka har da motar muke so. Albashina ne na wata huɗu cif, ba a ci ba a sha. Ya ce ai motar ba irin ta malaman makaranta ba ce, masu ita in faifai ya lalace ba sa tambayar kuɗi, direba suke aikawa. Na ce ya rufe mini baki ya nemo dabara.

Dabarar farko ita ce aski. Muka kai faifan Zariya wajen masu injin sassaƙar ƙarfe, suka aske fuskarsu ta koma sumul. Mota ta dawo hayyacinta, na yi wata biyu ina taka birki ba dalili don kawai in ji daɗin tsayuwarta. A wata na uku karkarwa ta dawo, har ta fi ta da. Bakanike ya ce ba a aski sau biyu, ƙarfen zai yi siriri ya tsage.

Dabara ta biyu ita ta ƙona mini rai. Na sayar da raken fadamata tun yana tsaye, kafin ya gama nuna, a farashin da dillalin ya ga dama, muka sayo na hannu 'yan Beljiyam wajen wani mai kayan mota a Kano. Mutumin ya rantse ya kuma rantsewa cewa lafiyarsu ƙalau. Wata uku ba su cika ba sitiyari ya soma gaishe ni. Na kira shi a waya ina tsaye a gefen titi, na faɗa masa maganganun da bai kamata malamin da ke koyar da tarbiyya ya sani ba ma, balle ya furta. Shi kuwa bawan Allah ba abin da yake cewa sai, "Alhaji, yi haƙuri, wallahi kayana masu kyau ne." Alhajin ma da ya kira ni ya ƙara mini haushi.

Bakanike ya daɗe yana jujjuya faifan a hannunsa, sannan ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, kana faɗawa ruwa da motar nan da zafinta? Ko kana kai ta wanki daga dawowa tafiya? Ƙarfen nan in ya yi zafi aka watsa masa ruwan sanyi, dole ya murɗe."

Na ce, "Wane ruwa? A ranin nan? Rafin garinmu ko kaza ba za ta jiƙa ƙafa a ciki ba. Wanki kuwa ran Asabar da safe nake yi da hannuna. In ba ka iya aikinka ba ka faɗa, kada ka ɗora mini."

Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, amma da irin muryar da ke nufin bai yarda ba.

Labari ya kai kunnen Baffa. Bayan kwana biyu sai ga wani dillalin motoci daga Zariya yana zagaya motar a tsakar gidanmu, yana ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa. Baffa ya ja ni gefe ya ce raken bana ya tafi, na baɗi ma haka zai tafi, iyalina fa? Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Ni kuma in raina ya ɓaci bakina ya fi ni sauri. Na ɗaga murya na ce a ba ni dama ɗaya tak, zan sake nemo faifai, in waɗannan ma suka lanƙwashe, wallahi da hannuna zan miƙa wa dillali makulli.

Sai da na rufe baki na ga Inna a bakin ɗakinta da ƙwaryar tsintar wake a cinya. Ran nan ba ta taɓa tuwonta ba, ta zauna kan kujerarta tana kallon rumfar har aka kira magariba. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, don rantsuwa ta riga ta fita a gaban mutane, kuma na san in motar nan ta bar gidan, Inna za ta sake yin zaman makoki ne daga farko.

Bakanike ne ya zo da labarin Kudan. Ya ce akwai wani Alhaji dillalin rake a can da ke da irin motar sak, injinta ya buga shekara uku da suka wuce, tana nan ajiye. Muka tafi a babur ɗinsa, ni a baya, na ga ya ɗaure tsofaffin faifanmu da aka aske a cikin buhu ya ɗora mini a cinya. Na tambayi amfaninsu, ya ce ni dai in riƙe, kuma in mun je in bar shi ya yi magana.

Mun sami Alhajin a ƙofar gida kan tabarma, dattijo mai furfura da tumbi. Muka gaisa. Ya tambayi hanya, da iyali, da gajiya, da ranin bana, da mutanen Makarfi, da na Gubuchi, muka amsa, muka mayar masa, aka sake dawowa kan gajiya. Aka kawo fura muka sha. Duk wannan lokaci idona na kan motar, ga ta can gindin mangwaro a kan duwatsu, tayoyinta a saɓule. An cika bayanta da buhunan gyaɗa, wata kaza kuma tana kwanci a kujerar direba, tana harararmu ta gilashi.

Haƙurina ya ƙare kafin na bakanike ya fara. Na ce, "Alhaji, tunda dai motar nan ta mutu, mun zo ne a sayar mana da faifan birkinta."

Bakanike ya taka mini ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Fuskar Alhaji ta canja.

"Wa ya ce maka ta mutu? Inji muke jira daga Kwatano. Ɗan nan, ka zo har ƙofar gidana ka yi wa motata ta'aziyya?"

Bakanike ya karɓe zancen da sauri. "Ranka ya daɗe, a yi masa haƙuri, malamin makaranta ne, da yara ya saba magana. Wa zai ce wannan mota ta mutu? Hutawa take yi. Mu ba saye ya kawo mu ba, musanya ce. Ga namu nan mun zo da su, a ɗaura mata, ba abin da zai ragu a jikinta. Ranar da inji ya iso, ni da kaina zan zo in duba ta."

Alhaji ya ɗan sauko, amma bai sake ba. Ya dube ni ya ce, "Kai da albashin gwamnati, me ya kai ka sayen irin wannan mota?"

Na ce ba tawa ba ce, ta mahaifiyata ce. Ban yi niyyar faɗin sauran ba, amma sai na ji ina ba shi labarin Yaya, da ranar rabon gado, da filin Kaduna da Inna ta ƙi, da rantsuwar da na yi, da tuwon da ba ta ci ba. Ya juya ya dubi tasa motar. Can ya ce, "Ni ba na sayar da gaɓar motata, ko nawa ne. Amma na ba tsohuwa kyauta. Ku ɗaura mini naku a gurbinsu, kada a bar ta da giɓi. Kuma ku bi a hankali, kazar nan saura kwana huɗu ta ƙyanƙyashe."

Haka muka kwance faifan muna raɗa kamar masu jinya, kaza na yi mana gargaɗi daga ciki. Sun yi tsatsa a sama, amma da bakanike ya goge sai ga su da kauri, miƙaƙƙu, kamar ba a taɓa taka su ba. Da na faɗa wa Inna, ta haɗa tukuici da kanta, daddawa da man shanu da ƙwan zabi, ta ce a kai wa Alhajin a ce ta gode, Allah ya kawo masa injinsa.

Ran Alhamis aka ɗaura su a Makarfi. Don gwaji na fita har Tashar Yari na juyo, ina ba ta wuta ina takawa, ina ba ta wuta ina takawa, ko gezau sitiyari bai yi ba. Na iso gida ana kiran la'asar, ƙafafun motar na fitar da hucin zafi. Na shigar da ita rumfa na nufi masallaci. Har na kai ƙofar masallacin na shafa kai na ji ba hula, na bar ta a kujera. Na juyo.

Tun daga zaure na ji wata ƙara, caaa, kamar an tsoma ɗanyen kifi a mai. Na leƙa. Inna ce duƙe a gindin tayar baya, bokitin ruwan randa a gefenta, buta a hannunta, tana tsiyaya ruwa ta tsakanin ƙarafan ƙafar motar, tururi na tashi. Tana zubawa tana magana ƙasa-ƙasa: "Sannu. Sannu da hanya. An sha rana." Ta gama da wannan, ta ja bokitinta ta nufi tayar gaba.

"Inna!"

Ta juyo a razane. Raken fadamata, da tafiyar Zariya, da zagin da na yi wa bawan Allah na Kano, duk suka taru a maƙogwarona suna neman hanyar fita. Na ce, "Inna, me kike yi haka?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ake yi da tuwo. "Ruwa nake ba ta. Ku maza ba ku da tausayi, ka kawo ta ƙafafu kamar garwashi ka wuce abinka. Babanku bai taɓa kwance doki daga injin matse rake ya bar shi haka ba, sai ya jiƙa masa ƙafafu."

"Tun yaushe kike yi?"

"Tun ranar da ta zo. In kun tafi masallaci." Ta ɗan yi murmushi. "Ba ka ji tana amsawa ba? Duk wadda na zuba wa sai ta amsa."

Sai a lokacin na dubi butar sosai. Ita ce dai, shuɗiyar nan mai ɗaurin waya a hannu, wadda ake ajiye wa Yaya. Na sha ganin ƙasa a jiƙe a gindin tayoyin in na dawo daga masallaci, na ɗauka ruwan na'urar sanyaya mota ne, ni mai ilimi.

Abin da zan faɗa a shirye yake, jimla biyu ce kacal, kuma gaskiya ce. Amma in na faɗa, Inna za ta san da hannunta ta kusa korar motar ɗanta daga gida, kuma ba za ta ƙara ɗaukar butar nan ba. Na haɗiye. Ya yi ɗaci, amma ya wuce.

Na ce, "Inna, bar na gaban tukuna. Sababbi ne, ba su san ki ba. Bari in dawo daga salla mu ba su tare."

Ta ce to, hakan ma ya yi. Ban taɓa jan lazimi da addu'a kamar na ran nan ba, har liman ya tambaye ni ko lafiya. Da na dawo na sa bayan hannu a ƙafar motar na ji ta huce, na riƙe wa Inna bokiti ta zuba.

Washegari na kira mutumin Kano na ba shi haƙuri, ya ce ba komai Alhaji, na ƙyale shi da Alhajinsa don yana bina bashin da ya fi haka. Bakanike kuwa da na ba shi labari sai da ya zauna a ƙasa don dariya, daga baya ya share ido ya ce kada in kuskura in faɗa mata. Na ce wannan karon na riga shi.

Tun daga lokacin, duk Litinin da Alhamis in na taso daga Ikara, ba na shiga gari kai tsaye. Akwai wata tsamiya a bakin hanya kafin gidajen farko, nan nake fakawa in buɗe ƙofofi, in fito da littattafan ɗalibai in yi ta maki har ƙafafun su huce. Mutanen gari sun kasu biyu a kaina: wasu sun ce nuna mota nake yi wa masu wucewa, wasu sun ce faɗa muke yi da maiɗakina. Baffa ya ce tun da ma ya san karatu da yawa ba ya barin mutum haka. Faifan Kudan dai yau shekararsu biyu, ko karkarwa ɗaya ba su yi ba, dillalin Zariya ma ya gaji ya daina kira.

Sai dai akwai abin da ban lissafa ba. Wata Alhamis na dawo daga masallaci na tarar da Inna tsaye a rumfa da buta a hannu, ba ta koma ɗaki ba, fuskarta ba walwala.

"Auta, motar nan lafiyarta kuwa?"

"Ƙalau, Inna. Me kika gani?"

"Ta daina amsa mini. Da, in na zuba mata ruwa sai ta amsa. Yanzu in zuba in zuba, shiru."

Ban shirya wa wannan ba. Na tsaya ina kallon ruwan da ke gangarowa daga taya yana shiga ƙasa, tausayinta ya cika ni har na kasa haɗa ido da ita. Na ce, "Ai ta zama 'yar gida ne, Inna. Da baƙunta take yi miki."

Ta juya maganar a ranta. Can ta gyaɗa kai. "Haka ne fa. Shi ma yayanka bai taɓa ce mini ya gode ba. Ƙafarsa kawai yake wankewa, ya ce me aka dafa."

Ta girgiza butar ta ji da sauran ruwa a ciki. Ta dubi ƙafafuna, silifas da ƙurar gindin tsamiya, sannan ta miƙo mini.

"Ungo. Kai ma kwanan nan kana daɗewa a hanya."